Jem ɗan Muhammad Alfatih: Sarkin kwana 20 da Turawa suka riƙe jingina shekara 13

A jerin sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya akwai sunaye 36, daga Usman na Ɗaya da ya kafa gidan zuwa Muhammad na Shida da aka sauke a 1922. Sunan Jem ba ya ciki. Amma har yau ana adana ƙananan kuɗaɗen azurfa da aka buga a birnin Bursa a shekarar 886 bayan Hijira, wato 1481, ɗauke da sunansa a matsayin mai mulki, kuma limaman birnin sun ambace shi a huɗubar Juma'a. A ƙa'idar siyasar ƙasashen Musulmi ta wancan zamani, huɗuba da buga kuɗi su ne shaidar sarauta. Wanda ya sami biyun ya zama sarki, har ranar da takobi ya yanke wani hukuncin.

Shi ya sa mutumin ya bar sunaye da yawa. Turkawa suna rubuta sunan da harafin C, domin a rubutunsu shi ne ke ba da sautin J, kuma asalinsa daga Jamshid ne, sarkin da ya shahara a labaran Farisa na dauri. Turawan da suka tsare shi ba su iya furta shi ba, suka mayar da shi Zizim. Littafin da wani abokin gudun hijirarsa ya rubuta a kan rayuwarsa ya kira shi Sultan Jem tun daga bangonsa. A Turkiyya ta yau kuwa an fi sanin sa da Jem Sultan, laƙabin a bayan suna, tsarin da fadar Santanbul ta saba yi wa gimbiyoyi da iyayen sarakuna, ba wa mai riƙe da mulki ba. Masu tsantseni a cikin masana suna tsayawa a kan Shahzada Jem, wato ɗan sarki kawai. Kowane ɗaya daga cikin sunayen nan hukunci ne a kan tambaya guda: ya yi sarauta, ko tawaye ya yi?

An haife shi a Edirne a ƙarshen 1459, shekara 6 bayan mahaifinsa, Muhammad na Biyu wanda ake wa laƙabi da Alfatih, ya ci Konstantinoful. Sunan mahaifiyarsa Cicek Hatun. Shi ne ƙarami a cikin 'ya'ya maza uku, bayan Bayazid da Mustafa. Bisa al'adar gidan, yana ɗan shekara 10 aka tura shi lardin Kastamonu ya koyi mulki a ƙarƙashin kulawar masu renonsa. A 1473, lokacin da mahaifinsa ya tafi gabas yaƙi da Uzun Hasan, an bar shi riƙon gida. Labari ya ɗauke daga fagen daga na tsawon makonni, sai mashawartansa suka yi gaggawar sa manya su yi masa mubaya'a. Alfatih ya dawo da nasara, ya hukunta mashawartan. Yaron bai kai shekara 14 ba, amma ya riga ya ga yadda gadon sarauta ke kusantar mutum, ya kuma ga abin da ke biyo bayan garaje.

Da Mustafa ya rasu a 1474, Jem ya gaji kujerarsa a Konya, babban birnin yankin Karaman da ba a daɗe da ƙwacewa ba. A nan ya yi suna da hawan doki da kokawa, ya tara mawaƙa a fadarsa, ya juya labarin Jamshid da Khurshid na Salman Sawaji daga Farisanci zuwa Turkanci saboda mahaifinsa. A nan ne kuma ya fara musayar wasiƙu da baraden Kirista da ke tsibirin Rodes a madadin daular. Daga baya wannan sanayyar ce za ta ja shi zuwa hannunsu.

Gidan Usman ba shi da dokar da ta ce babban ɗa ne zai gaji uba, ba shi kuma da majalisar masu zaɓen sarki. Kowane ɗan sarki yana da haƙƙi daidai da ɗan'uwansa, kuma ana ɗaukar wanda ya yi rinjaye a matsayin zaɓin Allah. Kundin dokokin da ake jingina wa Alfatih ya ƙara wa lamarin tsanani, domin ya halatta wa wanda ya hau ya kashe 'yan'uwansa maza saboda zaman lafiyar duniya. A cikin kundin nan, wurin da aka tsara laƙubban da za a riƙa rubuta wa 'ya'yan sarki, sunan Jem aka sa a misali, ba na yayansa ba. Masu ganin shi uban ya fi so suna kafa hujja da wannan. Sai dai misali a cikin takarda ba wasiyya ba ce, kuma Alfatih bai naɗa kowa magaji ba.

Tseren zuwa Santanbul

Alfatih ya rasu ranar 3 ga Mayu, 1481, a sansanin yaƙi kusa da Gebze, ba da nisa da babban birnin ba. Bayazid yana Amasya, Jem yana Konya, kowanne tafiyar kwanaki a kan doki. Babban Waziri, Karamani Muhammad Pasha, ya ɓoye rasuwar, ya mayar da gawar fada a asirce, ya aika wa 'ya'yan biyu, amma zuciyarsa tana wajen Jem. Manzon da ya nufi Konya bai isa ba, domin gwamnan Anatoliya, Sinan Pasha, wanda surukin Bayazid ne, ya tare shi a hanya. Da sojojin fada, wato Janisari, suka gano an ɓoye musu mutuwar ubangijinsu, suka ƙetara zuwa cikin birni, suka kashe Wazirin, suka wawashe unguwanni. Ishak Pasha da sauran manya suka ɗora Korkut, ɗan Bayazid, riƙon ƙwarya har mahaifinsa ya iso a mako na uku na watan, ya raba wa sojoji kyautar hawa gado, ya ƙara musu albashi.

Wanda ya karanta wannan a matsayin rigimar wa da ƙane kaɗai ya bar rabin labarin. A ƙarshen mulkinsa Alfatih ya ƙwace gonaki da ƙauyuka masu yawa na waƙafi da na masu zaman kansu ya mayar da su na hukuma, ya rage azurfar da ke cikin kuɗi sau da dama domin ya biya yaƙe-yaƙensa. Karamani ne fuskar waɗannan manufofi. Malamai da shehunnan ɗariƙu da manyan gidajen da aka taɓa wa abinci sun taru a bayan Bayazid, shi kuwa da ya hau ya mayar musu da abin da aka ƙwace. Jem ya gaji abokan gabar mahaifinsa tun kafin ya gaji komai nasa. Goyon bayansa yana wajen ƙabilun Turkumawa da manyan Karaman, mutanen da su ma ba son Santanbul suke yi ba.

Duk da haka bai tsaya ba. A ƙarshen Mayu ya fatattaki rundunar da aka aiko masa, ya shiga Bursa, tsohuwar hedikwatar kakanninsa, inda aka binne Usman da Orhan. Nan aka yi huɗuba da sunansa, aka buga kuɗin. Ya aika da tawaga ƙarƙashin Salcuk Hatun, 'yar Sarki Muhammad na Ɗaya, dattijuwar da ke matsayin gwaggon mahaifinsu, da tayin a raba daula: Bayazid ya riƙe ɓangaren Turai, shi ya riƙe Anatoliya. Bayazid ya ƙi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma gidan bai manta da shekaru 11 na yaƙin basasa da suka biyo bayan kama Bayazid na Ɗaya a hannun Timur a 1402 ba. A watan Yuni aka gwabza a Yenishehir. Gedik Ahmad Pasha, gwarzon kwamandojin Alfatih, yana ɓangaren Bayazid, wasu na kusa da Jem kuma suka juya masa baya a tsakiyar fama. Mulkin Bursa bai wuce kwana 20 ba.

Ya koma Konya da rauni a jikinsa, ya kwashi mahaifiyarsa da iyalinsa, ya ƙetare tsaunukan Taurus zuwa ƙasar Mamluk. Sultan Ƙaitbay ya karɓe shi a Alƙahira da girmamawa, amma bai ba shi runduna ba. Daga can ya tafi Makka ya sauke farali. Abin lura ne, domin babu wani sarkin gidan Usman da ya yi aikin Hajji yana kan mulki a tsawon shekaru fiye da 600, har da waɗanda suka riƙe laƙabin masu hidimar Harami biyu. Bayazid ya aiko masa da tayin ya zauna a Ƙudus, a riƙa biyan sa kuɗin da ya saba samu, ya ajiye maganar sarauta. Jem ya ƙi. A 1482 ya dawo Anatoliya bisa gayyatar Kasim Bey na tsohon gidan sarautar Karaman, ya kewaye Konya bai ci ba, ya nufi Ankara, rundunarsa ta watse da jin Bayazid na tafe.

A nan ya yanke shawarar da ta cinye sauran rayuwarsa. Maimakon komawa Masar ko nufar Farisa, ya nemi baraden Rodes su ƙetarar da shi teku, da nufin ya zagaya ta Hungari ya shiga yankin Turai na daular, inda yake tsammanin sojojin kan iyaka za su bi shi.

Farashin ɗan sarki

Baraden Waliyyi Yohana ƙungiya ce ta mayaƙan Kirista da ta samo asali daga zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya. Shekara 2 kacal kafin nan, a 1480, rundunar Alfatih ta yi musu ƙawanya a Rodes ta kasa cin su. Shugabansu, Pierre d'Aubusson, wanda ya jagoranci kare tsibirin, ya ba Jem takardar aminci ta shiga da fita. A ƙarshen Yulin 1482 ya sauka, aka shimfiɗa masa dardumai, aka yi masa liyafa. Ya sa hannu a kan alkawarin gata ga ƙungiyar idan ya hau mulki. Bai cika kwana 40 a tsibirin ba aka sa shi a jirgi zuwa Faransa, da sunan kare shi daga makasa.

Jirgin bai daɗe da tashi ba d'Aubusson ya shiga ciniki da Santanbul. Sakamakon shi ne yarjejeniyar zaman lafiya, da alkawarin Bayazid na biyan dukat 40,000 zuwa 45,000 duk shekara, wani kaso da sunan ciyar da ɗan'uwansa, sharaɗin kuwa kada ya kuɓuta. Dukat kuɗin zinariya ne na Venis mai nauyin kusan giram 3.5, saboda haka 40,000 ya kai kilo 140 na zinariya a shekara. A 1484 Bayazid ya ƙara musu da kyautar abin da Kiristoci ke girmamawa a matsayin hannun Yohana Mai Baftisma, wanda ya kasance a taskar Konstantinoful. D'Aubusson bai tsaya nan ba, ya karɓi kuɗi daga Alƙahira ma, inda mahaifiyar Jem ke jiran ranar da za a dawo mata da ɗanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A gida kuwa Bayazid ya share fage. A ƙarshen 1482 aka kashe Gedik Ahmad Pasha a Edirne, mutumin da ya ba shi nasara a Yenishehir, saboda ƙarfinsa ya yi yawa kuma ana zarginsa da sakaci wajen kamo Jem. Aka kashe Oguz, ƙaramin ɗan Jem da ke hannun fada. Labarin ya riski uban a Faransa, kuma marsiyyar da ya yi wa yaron tana cikin abin da ake tunawa da shi a adabin Turkanci.

Shekara fiye da 6 ya yi a ƙasar Faransa da Savoy. An fara da Nice, sannan aka riƙa yawo da shi daga wannan ganuwa zuwa waccan, ana rage masa mutanensa, ana nesanta shi daga teku da kan iyaka. A ƙarshe aka kai shi Bourganeuf a yankin Limousin, inda aka gina masa hasumiya ta musamman mai kaurin bango, wadda har yau take tsaye ana kiranta Hasumiyar Zizim. Marubutan Faransa na baya sun ƙawata labarin soyayya tsakaninsa da wata 'yar masu sarauta ta gidan Sassenage. Abin da takardu suka fi tabbatarwa ba shi da daɗi haka: yunƙurin guduwa da aka tona, wasiƙun da ba su isa inda aka aika su ba, da 'yan leƙen asirin Bayazid, irin su wani matuƙin jirgi mai suna Barak da aka turo a 1486 ya tabbatar da idonsa cewa fursunan yana raye. Rahotannin irin waɗannan mutane suna cikin taskar fadar Topkapi.

Kowa yana son sa, ba don kansa ba. Sarki Matthias Corvinus na Hungari yana son ya sa shi a gaban runduna. Ƙaitbay, wanda ya shiga yaƙi da Bayazid daga 1485 zuwa 1491, yana son ya dawo da shi Masar. Venis da Naples suna sa ido. Wanda ya yi nasara shi ne Fafaroma Innocent na Takwas, kuma ladan d'Aubusson shi ne jar hular Kadinal. A watan Maris na 1489 Jem ya shiga birnin Rum a kan doki, jama'a sun cika tituna suna kallon ɗan mutumin da ya ci Konstantinoful. Da aka kai shi gaban Fafaroma ya ƙi durƙusawa, ya ƙi sumbatar ƙafarsa kamar yadda sarakunan Turai ke yi, ya ƙi cire rawaninsa. Ya gaisa da shi gaisuwar tsara da tsara. Da aka yi masa tayin sauya addini ya ƙi, kuma abin da ya riƙa roƙo shi ne a bar shi ya koma wajen iyalinsa a Masar.

Fafaroma ya kira taron wakilan sarakunan Turai a 1490 domin shirya yaƙi da Turkawa, da Jem a matsayin tuta. Corvinus ya mutu a watan Afrilun shekarar, shirin ya bi ruwa. Kafin shekarar ta ƙare jakadan Bayazid, Mustafa Bey, ya iso Rum, aka daidaita a kan dukat 40,000 a shekara, yanzu zuwa taskar Fafaroma. A 1492 Santanbul ta aiko da wata kyautar, kan mashin da Kiristoci suka yi imani an soki Almasihu da shi. Shugaban cocin da ke kiran yaƙin addini ya zama mai gadin kurkuku, albashinsa yana fitowa daga aljihun sarkin da yake kira abokin gaba.

A nan ne batun laƙabi ya koma batun kuɗi. Turawa ba su da ra'ayi a kan dokar gadon gidan Usman, amma darajar hajarsu ta dogara ne ga ci gaba da kiran sa halastaccen mai neman gado. Suka yayata hujjar cewa shi aka haifa mahaifinsu yana kan mulki, Bayazid kuwa an haife shi kafin hawan Alfatih na 1451, saboda haka ɗan yarima ne ba ɗan sarki ba. Wannan hujja ta fi kama da tunanin Rumawan Bizantiya, ba ta da gurbi a al'adar Turkawa, amma ta yi aiki a kasuwa. Bayazid ma da kansa ya ƙara wa laƙabin nauyi, domin ba a biyan kilo 140 na zinariya duk shekara a kan mutumin da ba a tsoro.

Mutuwa, da cinikin gawa

Innocent ya mutu a 1492, Alexander na Shida na gidan Borgia ya gaje shi tare da fursunan. Bayan shekara 2 Sarki Charles na Takwas na Faransa ya shiga Italiya da runduna domin karɓar Naples, yana shelar cewa daga can zai wuce yaƙar Turkawa. Alexander, wanda ke tsoron Faransawa fiye da Turkawa, ya aika da jakada mai suna Giorgio Bocciardo ya nemi taimakon Bayazid. A kan hanyarsa ta dawowa, a watan Nuwamba na 1494, abokan gabar Fafaroma suka tare shi kusa da Senigallia, suka ƙwace dukat 40,000 da wasiƙu, suka watsa su. Ɗaya daga cikinsu, da aka ce daga Bayazid take, ta yi tayin dukat 300,000 idan aka kawar da Jem aka miƙa gawarsa. Masana sun daɗe suna jayayya a kan sahihancin wannan wasiƙa, musamman da yake maƙiyan Alexander ne suka fito da ita.

Charles ya shiga Rum a ranar ƙarshe ta 1494, ya tilasta wa Fafaroma ya ba shi Jem. A ƙarshen Janairu aka tafi da shi kudu tare da rundunar, cikin sanyin hunturu. Ya kamu da ciwo a hanya. Faransawa suka shiga Naples ranar 22 ga Fabrairu, 1495, shi kuwa ya cika ranar 25, yana da shekara 35.

Nan take aka ce guba ce. Turawa suka nuna gidan Borgia da yatsa, marubutan Turkawa na baya suka kawo labarin wanzami da aska mai dafi. Ba a taɓa tabbatar da ko ɗaya ba, kuma masu bincike da dama na zamani sun fi karkata ga ciwon huhu a jikin mutumin da ya yi shekaru a tsare. Mai bin sawun kuɗi zai lura cewa mutuwar ta yanke wa Fafaroma hanyar samu ta kowace shekara, kuma babu shaidar an biya shi dukat 300,000 ɗin.

Bayazid ya sa aka yi zaman makoki na kwana 3 da sallar ga'ib a masallatan daular. Sannan ya nemi gawar, domin muddin jama'a ba su ga kabari ba, wani zai iya tasowa gobe ya ce shi ne Jem. Gidan ya taɓa ɗanɗana irin wannan a zamanin kakansu Murad na Biyu, lokacin da wani ya fito da sunan Mustafa ɗan Bayazid na Ɗaya ya girgiza daular. Su kuwa masu riƙe da gawar, wadda bayinsa suka yi wa wanka da sutura aka rufe a akwatin darma, suka ga ita ma haja ce. Shekara 4 ana ja-in-ja kafin Sarkin Naples ya sake ta a 1499. Mahaifiyarsa ba ta ga wannan rana ba, ta rasu a Alƙahira shekara guda kafin nan. Aka binne shi a Bursa, a harabar masallacin Muradiye, cikin ƙubbar da aka gina wa yayansa Mustafa.

Idan aka auna da sikelin da gidan Usman ya yarda da shi, hukuncin ba shi da wuya. Sarki shi ne wanda ya riƙe babban birni da baitulmali da Janisari, ya kuma karɓi mubaya'ar manya. Jem bai taɓa riƙe ko ɗaya daga ciki ba. Huɗuba da kuɗin Bursa shaida ce ta da'awa, ba ta cikar mulki ba, kuma haka marubutan daular suka yi wa Sulaiman Celebi da Musa Celebi, waɗanda suka mulki Edirne shekaru a lokacin yaƙin basasa amma aka bar su a waje da jerin. Saboda haka Shahzada shi ne laƙabin da ba ya buƙatar kariya. Kiran sa Sultan ma ba kuskure ba ne, domin a ƙarni na 15 ana girmama 'ya'yan sarki da kalmar, matuƙar ba a fahimce ta a matsayin lamba a jerin masu mulki ba. Abin da bai dace ba shi ne kiran sa ɗan tawaye ko maƙwaci, domin a ranar 3 ga Mayu, 1481, haƙƙinsa da na yayansa ɗaya ne, kuma dokar mahaifinsu ba ta bar masa wata hanya ta uku tsakanin gadon sarauta da igiyar shaƙewa ba. Tayin zama a Ƙudus, ko da da gaskiya aka yi shi, ba shi da wani mai lamuni.

Wannan bai wanke shi daga komai ba. Raba daular da ya nema da ta tabbata, da wuya ta kai ƙarni na gaba a matsayin babbar ƙasa. Shi da ƙafarsa ya je Rodes, wajen mutanen da mahaifinsa ya yaƙa shekara 2 da suka wuce, ya kuma yi musu alkawuran da ke rage ƙarfin gidansu. Masu mayar da shi gwarzon da aka zalunta kawai suna tsallake wannan, kamar yadda masu kiran sa maci amana ke tsallake ƙin da ya yi na sayar da addininsa a lokacin da yin hakan ne kaɗai ke iya buɗe masa ƙofa.

Tasirinsa mafi girma ya zo ne ta abin da ya hana faruwa. A 1480 sojojin Turkiyya sun kama Otranto a kudancin Italiya, kuma Turai ta ɗauka Rum ce ta gaba. Rikicin gadon ya sa ba a aika musu da ɗauki ba, garin ya suɓuce a Satumban 1481. Muddin Jem yana numfashi, Bayazid ya yi taka-tsantsan da yamma. Ya ci Kilia da Akkerman a gaɓar Baƙin Teku a 1484, amma bai buɗe babban yaƙi da Venis ba sai 1499, shekarar da gawar ta iso gida. A cikin waɗannan shekarun ne Garnada ta faɗi a 1492, kuma abin da Musulmin Andalus suka samu daga Santanbul bai wuce farmakin jiragen ruwa da kwashe masu gudun hijira ba. Nisa da yaƙin Mamluk suna cikin dalilan, amma fursunan da ke Rum ma yana ciki. Ta wani ɓangaren kuma, neman sanin halin da yake ciki ne ya tilasta wa daular ta koyi siyasar Turai daga ciki: jakadu zuwa Rum da Faransa, 'yan leƙen asiri a garuruwan Italiya, da sanin wane sarki ne ke gaba da wane.

Magadan Bayazid sun ɗauki darasi mai ɗaci daga lamarin, cewa ɗan'uwan da ya tsere ya fi wanda aka binne tsada. Salim na Ɗaya, wanda ya sauke Bayazid ɗin a 1512, bai bar 'yan'uwansa Ahmad da Korkut sun wuce shekarar 1513 ba, Korkut ɗin nan da ya riƙe wa mahaifinsa kujera yana yaro. Da wani ɗan Sulaiman, shi ma mai suna Bayazid, ya gudu Farisa, an biya Shah Tahmasp zinariya mai yawa aka kashe shi a can a 1561. Muhammad na Uku ya kashe 'yan'uwa 19 da hawansa a 1595. Sai a ƙarni na 17 aka koma tsare 'ya'yan sarki a cikin fada da ba wa babba gado.

Ya bar diwani biyu na waƙoƙi, ɗaya da Turkanci ɗaya da Farisanci, cike da kewar gida. A ɗakunan Borgia na fadar Vatican akwai zanen Pinturicchio mai ɗauke da wani mai rawani da ake kyautata zaton shi ne. Ivo Andric na Yugoslabiya da Vera Mutafchieva ta Bulgeriya sun gina littattafan ƙirƙira a kan labarinsa a tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da gudun hijira da cinikin mutane tsakanin gabas da yamma suka sake zama ruwan dare. Ƙubbar Muradiye kuwa, duk da cewa don Mustafa aka gina ta, da sunan Jem maziyarta ke neman ta a yau.

Ɗansa Murad ya ƙare a Rodes, wajen baraden da suka sayar da mahaifinsa, ya karɓi addinin Kirista ya yi iyali. A ƙarshen 1522 Sulaiman, jikan Bayazid, ya ci tsibirin bayan ƙawanya ta wata 6. Ya bar baraden suka fita da makamansu da dukiyarsu cikin aminci, amma ya sa aka nemo masa Murad. Aka kashe shi tare da ɗansa, aka tura matan gidan Santanbul.